Wata baiwar Allah: sadakar mata da abin da masu neman gudummawa suka kasa gani

Tsarin taron ƙaddamar da gidauniya kusan iri ɗaya ne, ko a Kano ake yi ko a Kaduna ko a Sakkwato. Kwamitin ginin makaranta ko asibiti ko gidan marayu zai kama babban zaure, a buga kati da sunan uban taro da babban mai ƙaddamarwa. A kira alhazai da 'yan siyasa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ambaci adadi a lasifika, a yi kabbara. Mata suna can baya ko a gefe, kuma sau da yawa su ne suka kwana dafa abincin taron. Idan an zo kansu sai mai gabatarwa ya ce, "Iyayenmu mata ma sun haɗa nasu," ya karanta adadi guda a dunƙule, a wuce. Bayan wata shida ma'ajin kwamiti yana nan yana bin ofisoshi da shaguna, yana tuna wa manya alkawarin da suka yi a bainar jama'a. Kuɗin da matan suka miƙa a ambulan tun ranar taron ya daɗe da zama bulo da siminti.

Ba cewa nake dukiyar mata ta kai ta maza ba. Filaye da shaguna da kwangiloli mafi yawansu a hannun maza suke, kuma kwamitin da ke neman miliyan ɗari ba zai ƙi zuwa wurin attajiri ba. Abin da ke damuna shi ne masu neman gudummawa suna yi wa mata kallon waɗanda sai an koya musu bayarwa, alhali mace Bahaushiya tun tana budurwa take cikin wani tsarin bayarwa mai ƙa'ida da lissafi. Kwamitoci ne ba su san ƙofarsa ba.

A duba abin da ke faruwa a gida ɗaya cikin mako ɗaya. Maigida ne ke kawo cefane, amma idan almajiri ya tsaya a zaure, uwargida ce ke yanke ko za a zuba masa da yawan abin da za a zuba. Maƙwabciya ta haihu ba ta da mai tsaya mata, ita ce ke aika kunun kanwa da itacen wanka. An yi rasuwa a layi, kwanukan abincin da ke shiga gidan makoki daga tukwanen mata suke fitowa. Ranar Juma'a akwai sadakar waina ko ƙosai ga yara. Marainiyar dangi za ta yi aure, 'yan uwan uwarta ne za su haɗa katifa da kwanuka da labule har ɗaki ya cika. Babu ƙungiyar da ke rubuta wannan, babu rasit, kuma galibinsa ba tsabar kuɗi ba ne. Shi ya sa idan aka buɗe littafin masu ba da tallafi sai a ga kamar mata ba sa ciki.

Gudummawar biki ita ce ta fi nuna yadda tsarin yake. Mace ta san abin da kowace ƙawa ta kawo mata ranar sunan ɗanta na fari, ko da an shekara goma, wasu ma a littafi suke rubutawa. Idan bikin ƙawar ya zo za ta mayar, kuma za ta so ta ɗora wani abu a kai. Haka adashi: a yi zubi kullum ko duk mako a hannun uwar adashi, kowa ta ɗauka idan layinta ya zo, babu lauya babu kotu. Uwar adashin da ta ci amana sau ɗaya ta gama riƙe kuɗin mutane a unguwar har abada. Macen da ta girma cikin wannan, da ma'aunin nan take auna kowane kwamiti. Wa ke riƙe da kuɗin? Na san ta, ko na san wadda ta san ta? Na bara da aka karɓa, me aka yi da shi? Kwamitin da bai taɓa tanadar amsar waɗannan tambayoyi ba zai koma yana cewa mata ba su ba da haɗin kai ba.

An taɓa gwada ɗora aiki a kan wannan tushen, kuma ya yi nisa fiye da yadda aka zata. A 1991 ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar. Ba a kawo wa matan jari daga waje ba. Su ke zubi duk mako, su ba juna rance da 'yar riba, su raba idan shekara ta zagayo. Akwatin kuɗin kwaɗo uku gare shi, makullan suna hannun mata uku dabam-dabam, kuma ba a buɗe shi sai a gaban kowa. A irin waɗannan ƙungiyoyi akan ware ƙaramin asusu na taimako, don wadda ciwo ko gobara ko rasuwa ta faɗa wa. Daga Maraɗi tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Matan karkara ne waɗannan, da yawansu ba su yi boko ba, amma sun riƙe asusu shekara da shekaru saboda kowa na ganin abin da ya shiga da abin da ya fita. Mai neman gudummawa da zai zauna a taronsu na mako sau biyu zai koyi abin da ba zai samu a taron bita na otal ba.

Sai tambayar inda kuɗin mace ke fitowa, domin wasu kwamitocin suna ɗauka duk abin da ke hannunta na mijinta ne. A shari'ar Musulunci sadakinta nata ne, gadonta nata ne, ribar sana'arta tata ce, kuma ciyar da gida a wuyan miji yake. Daga cikin gida mata ke yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ɗinkin hula, saƙa, fura, turaren wuta, yanzu kuma ga sayar da atamfa da kayan kicin ta WhatsApp da Instagram. Ga malaman makaranta, ma'aikatan jinya, likitoci, ma'aikatan banki. Sai dai mace ba ta cika ajiye dukiya a inda kwamiti ke dubawa ba. A ƙauye awaki da tumaki ne bankinta, a birni gwal. Binciken da EFInA, ƙungiyar da ke nazarin yadda 'yan Najeriya ke hulɗa da harkokin kuɗi, ta yi a 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na manyan 'yan Najeriya ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, a Arewa maso Yamma adadin ya kusa rabi, kuma mata ne suka fi yawa a ciki. Saboda haka takardar da ba ta ɗauke da komai sai lambar asusun banki ta riga ta cire ɗimbin mata kafin a fara magana.

Batun gwal yana da wani reshe da hukumomin zakka ya kamata su kula da shi. A mazhabar Malikiyya babu zakka a kan kayan adon da mace ke sawa, amma gwal ɗin da aka ajiye don tsaron gaba, idan ya kai nisabi, wato kimanin giram 85, kuma shekara ta zagayo, ana fitar da kashi 2.5 cikin 100. Jihohi kamar Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi, Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi. Wayar da kansu ta fi karkata ga manoma da 'yan kasuwa. Hajiyar da ke da sarƙoƙi da warwaro a akwati sau da yawa ba ta san hukuncin ba, idan ma ta sani ba za ta ƙirga gwal ɗinta a gaban namiji baƙo ba. Malama ce kaɗai za ta iya zama da ita a ɗaki su yi wannan lissafin.

Wannan ba sabon tunani ba ne. Hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari ya nuna cewa ranar Idi, bayan huɗuba, Manzon Allah (SAW) ya ga kamar mata ba su ji ba, sai ya taka zuwa inda suke tare da Bilal, ya yi musu wa'azi na musamman, ya umarce su da sadaka. Suka riƙa cire 'yan kunne da zobba suna jefawa a tufafin Bilal. Ya je wurinsu da kansa, ya yi musu magana su kaɗai, kuma ya karɓi abin da ke jikinsu yadda yake, bai ce su je su mayar da shi dirhami ba. A wani hadisin, Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud ta zo ta tambaya ko sadakarta za ta isar idan ta ba mijinta da marayun da take riƙo, kuma ta roƙi Bilal kada ya faɗi sunanta. Aka amsa mata cewa lada biyu gare ta, na zumunci da na sadaka. A labarin nan akwai abu biyu da har yau ke tare da mata masu bayarwa: dangi ne farko, kuma ba sa son a yayata.

A ƙasarmu ma akwai sawu. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta kafa 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji ke jagorantar matan ƙauye zuwa wurinta ɗaukar karatu. Sukan zo da hatsi da tufafi da abin da ya sawwaƙa, ita kuma ta raba wa mabuƙata. Karatu da sadaka a tafiya ɗaya suke. A 1985 aka kafa FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, a Minna, marigayiya Hajiya Aisha Lemu ce Amirarta ta farko, kuma ƙungiyar ta gina makarantu da asibitoci a jihohi da dama, tushenta mambobinta ne da abin da suke zubawa. A majami'un Arewa kuwa kowa ya san Zumuntar Mata: su ke ziyarar marasa lafiya, su ke tsaya wa gwauraye, kuma ba a gama babban aiki ba tare da karo-karonsu ba.

Inda aka fi auna wannan lamari da alƙaluma shi ne Amurka. Jami'ar Indiana tana da cibiya ta musamman da ke nazarin bayarwar mata, kuma rahotonta na 2010 ya gano cewa idan aka kwatanta gidan da mace ke riƙe da wanda namiji ke riƙe, masu samu iri ɗaya, na macen ya fi yiwuwar ba da tallafi, a mafi yawan matakan samu ma ya fi bayarwa da yawa. Binciken da ya biyo baya ya nuna mata sun fi rarraba kyautarsu ga ƙungiyoyi da yawa, sun kuma fi son bayarwa a ƙungiyance. Attajirar Amurka MacKenzie Scott ta raba fiye da dala biliyan 19 zuwa ƙarshen 2024, galibi ba tare da gindaya sharaɗi ba, bayan mutanenta sun gama binciken ƙungiya a ɓoye. Amurka dai ba Najeriya ba ce, can akwai rangwamen haraji kuma kusan kowa na da asusun banki. Amma halin ya yi kama da wanda muka sani: a bincika tukuna, a bayar tare da 'yan uwa, a daɗe ana bayarwa.

To me ya kamata kwamiti ya yi? Abu na farko shi ne wanda za a aika. Wasiƙa mai hatimi ba ta shiga ɗakin mace. Wadda ke shiga ita ce malamar Islamiyya, ko uwar adashi, ko ungozoma, ko ƙawar da aka yi shekaru ana biki tare. Zumunta a ƙafa take, kuma neman taimako a wurin mata reshen zumunci ne. Wadda za ta je sai ta zama wadda ita ma ta zuba nata, ta ga aikin da idonta, domin tambayar farko da za ta ji ita ce, "Yaya, ke kin je kin gani?" Idan amsar a'a ce, magana ta mutu. Idan e ce, tana iya fitowa da alkawarin mata biyar, domin Hajiya za ta ce, "Bari in kira ƙanwata da kishiyata, mu haɗa."

Sai kuma a gyara girman abin da ake nema da lokacinsa. Wadda ba za ta iya ba da naira dubu hamsin a zama ɗaya ba tana iya zuba ɗari biyar duk Juma'a. Mata ɗari biyu a kan haka suna tara naira dubu ɗari a mako, sama da miliyan biyar a shekara, kuma kuɗi ne da shugaban makaranta zai iya tsara albashin malamai a kansa, abin da alkawarin taro ba ya bayarwa. A karɓi kwanon masara lokacin kaka, a karɓi akuya, a karɓi atamfa, a karɓi girki. A samu amintacciya a kowace unguwa mai littafi da biro, da mai POS da aka sani, don wadda ba ta da asusu. Aikin yana da wahala, yana cin lokaci fiye da taron yini ɗaya, shi ya sa kwamitoci ke gudunsa.

Abin da ya fi kashe gudummawar mata shi ne shiru bayan karɓa. An karɓi kuɗin rijiya, shekara ta wuce ba labari, sai ga kwamiti ya dawo da sabuwar buƙata. Ba za ta yi faɗa ba. Za ta ce, "Allah ya hore," ta mayar da sadakarta ga almajirin ƙofar gida wanda take ganin yana ci a gabanta. Maganin ba rahoto mai shafi arba'in ba ne. Saƙon murya da Hausa a zauren WhatsApp ya isa: ga abin da ya shigo a watan nan, ga abin da aka saya da farashinsa, ga saura. A ɗauki wasu daga cikinsu a mota su je su ga ginin ko su gaisa da yaran. Idan an yi asara, siminti ya tashi ko ɗan kwangila ya gudu, a faɗa musu. Matan da suka saba da kasuwanci sun san ana asara. Ɓoyewar ce ba sa yafewa.

Game da ambaton suna, a tambaye ta. Da yawa za su ce a rubuta "wata baiwar Allah", wasu don tsoron riya, wasu don kada dangi su ce tana da kuɗin ba bare amma ta hana nata, wasu don zaman gidan da ke da kishiyoyi, wasu kuma saboda halin tsaro da ake ciki, wanda ya sa bayyana wadata ya zama haɗari. Kwamitin da ya saki sunanta ko hotonta a Facebook don nuna godiya ya jawo mata abin da ba ta nema ba. Ɓoye suna kuma ba dalili ba ne na hana ta rasit. Akwai wadda ke son a yi aikin da sunan mahaifiyarta ko mijinta da ya rasu, wannan ma haƙƙinta ne.

Maganar miji tana buƙatar natsuwa, don a nan masu gaggawa ke ɓata abu. Jumhurun malamai sun tafi a kan cewa mace baliga mai hankali tana da ikon kyauta da dukiyarta ba sai da izinin kowa ba, suna kafa hujja da hadisin Idin nan da kuma 'yanta baiwa da Nana Maimuna ta yi kafin ta sanar da Manzon Allah (SAW). Malikiyya kuwa, mazhabar da aka fi bi a ƙasar Hausa, sun ce idan kyautar ta haura sulusin dukiyarta miji yana da ikon hanawa. Zubin mako da kwanon hatsi ba su kusa da wannan iyaka ba, don haka babu dalilin da kwamiti zai ce sai ta kawo sa hannun maigida a kan naira ɗari biyar. Idan kuma ita ce ta ce, "Bari in shawarci Malam," a ba ta lokaci, kada a ɗauka ƙi ne. Abin da ba shi da kyau shi ne a tsallake ta a je wurin mijin a nemi dukiyarta, ko a zuga ta ta yi babbar kyauta a ɓoye har ta zama fitina a gidanta.

Akwai kuma haddi da ya kamata mai neman taimako ya sa wa kansa. Tausayin mata abu ne da ake iya ci da shi, kuma ana yi. Hoton yaro a gadon asibiti na yawo a zaurukan mata, lambar asusu a ƙasa, wani lokaci mara lafiyan ya daɗe da warkewa ko rasuwa. Kowace irin wannan damfara tana rufe ƙofa ga masu gaskiya goma. Sannan matar da ke ciyar da marayu huɗu da kuɗin wankau ba ita za a tsaya a kai ana karanto mata falalar sadaka har ta ji kunya ta miƙa kuɗin cefanen gobe ba. Ta riga ta bayar fiye da kowa a layin.

Duk wannan ba zai ɗore ba idan mata suna zuba kuɗi amma ba sa zama inda ake yanke shawara. "Reshen mata" da aikinsa girki da shara ranar taro bai wadatar ba. A sa mace cikin masu sa hannu a asusu, a sa ta cikin masu binciken kuɗi. Abin da ake kashe kuɗin a kai ma zai sauya, domin ita ce za ta tuna cewa makarantar 'yan mata ba ta da banɗaki mai ƙofa, ko asibitin unguwa ba shi da fitila a ɗakin haihuwa, abubuwan da kwamitin maza zai iya shekara bai lura ba yana ta maganar katanga da fenti.

Wurin da aka fi barin dama shi ne waƙafi. Zubaida matar Halifa Haruna Rashid ta ja ruwa zuwa Makka ta gina tafkuna a hanyar alhazai daga Kufa. Fatima al-Fihri ta kafa masallacin Ƙarawiyyin a birnin Fas na Maroko a 859 da dukiyar gado. Rajistar waƙafin Istanbul ta 1546 ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku mata ne suka kafa. A garuruwanmu akwai dattijai mata masu gidan haya ko gona ko shago na gado, wasu ba su da 'ya'ya, wasu 'ya'yan sun wadata, kuma burinsu sadaka mai gudana. Da yawa sukan tsaya ga faɗa da baki, "Idan na mutu gidan can na Islamiyya ne." Wannan wasiyya ce, ba ta wuce sulusi sai da yardar magada, kuma idan ba shaida rigima ce ke biyo baya. Waƙafin da aka yi da rai da lafiya kuwa, a Malikiyya sai ya fita daga hannun mai shi kafin ciwon ajali ko mutuwa, in ba haka ba ya koma gado. Don haka kwamitin da Hajiya ta yi wa irin wannan magana aikinsa ya kawo malami masanin fiƙihu da lauya, a kira 'ya'yanta ko 'yan uwanta su ji da kunnensu, a rubuta abin da za a yi da kuɗin hayar da wanda zai kula, shaidu su sa hannu, sannan a miƙa makulli da takardun fili tun tana iya zuwa ta duba da kanta.